Lemo Uku, Wuƙa da Kula

Ina aikin buga takardu a wani ofishin gwamnati a Jimeta lokacin da na fara koyon zane. Gidanmu yana cikin tsohon garin Yola. Kullum da safe in hau keke napep in tafi aiki, da la'asar in dawo. Wata abokiyar aikina ce ta lura ina cika bayan tsofaffin takardu da zanen kofin shayi da makullan ofis, sai ta ba ni labarin wani tsohon malamin zane da ya yi ritaya, yana koyar da mutane ranar Asabar a barandar gidansa a unguwar Gwadabawa, cikin Jimeta.

Dada, mahaifiyata, ba ta so ba. Ta ce ba za a shigo mata gida da hotuna ba. Maganar ta kai gaban Baffa, ƙanen mahaifina, wanda ke limanci a masallacin unguwarmu. Ya sa aka kira ni, na durƙusa a bakin tabarmarsa.

“Me za ki riƙa zanawa?”

Na ce, “Buta, Baffa. Ƙwarya, albasa, irin waɗannan.”

“Mutum fa? Ko dabba?”

“A'a.”

Ya ce, “Abin da ba shi da rai, ba wanda zai tambaye ki ransa. Ki je, amma la'asar ta same ki a gida.”

Malamin Kirista ne, mutumin kudancin Adamawa, dogo, gashinsa duk ya yi fari. Baba muke ce masa. Hausarsa ta Jimeta ce, mace da namiji duk “kai” yake ce musu, har matarsa. Mu shida ne ɗalibansa. Yana da wani ƙaramin tebur da yake fitarwa tsakiyar baranda, ya jera kaya a kai, mu zauna a kewaye kowa da allonsa a cinya. Wata rana tulu da moɗa, wata rana fitilar ƙwai da ashana, wata rana attaruhu kawai a murfin kwano. Ba ya gyara wa kowa hannu. Sai dai ya zagaya ta bayanmu yana ɗan tari, in an gama ya jingina zanukan a bango ya koma kujerarsa yana kallo.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda tulu ɗaya yake zama tulu shida. Akwai wani tela a cikinmu da komai nasa ke fita da kaifi kamar an yanka da almakashi. Akwai wata ma'aikaciyar asibiti da ba ta iya barin inuwa ta yi duhu, sai ta sa mata ruwan hoda. Ni kuwa nawa ya fi na kowa kama da abin da ke kan tebur, kuma ina taƙama da hakan a raina. Na yi wata uku ina jiran Baba ya yaba. Ranar da na gaji na tambaye shi, sai ya ɗauki zanena na buta ya nisanta shi da idonsa.

Ya ce, “'Yata, butar ya yi kyau. Amma in na cire sunanka a ƙasa, wa zai san kai ne? Wannan na kowa ne. Buta yana nan a tebur, bai ce a kwafe shi ba.”

A keke na yi ta haɗiye ɓacin rai har gida. Asabar ta gaba na koma, na sake zana buta ta kowa, don ban san wata hanyar ba.

A ƙarshen daminar wannan shekarar garuruwan arewacin jihar suka fara faɗawa hannun mutanen daji. Haka muke kiransu, ba wanda ke son ambaton sunansu da ƙarfi. Yau a ce sun shiga gari kaza, jibi a ce sun wuce shi. Kowane gari da aka ambata ya fi na baya kusa da mu. Motoci suka riƙa tsallako gadar Binuwai shaƙe da mutane da katifu, wasu kuwa da ƙafa suka iso, ƙafafunsu a kumbure. Aka kafa shingayen sojoji a hanya. A ƙofar masallaci ana laluba mutum, a ƙofar coci ma haka. A ofis muka daina hira, kowa kansa a waya. Akwai safiyar da wani ya yi ihu a bakin titi cewa sun iso gada, kafin ka ce me an rufe shaguna, mata na gudu da yara, ashe tayar babbar mota ce ta fashe.

Ɗaliban Baba suka watse ɗaya bayan ɗaya. Tela ya kwashe iyalinsa ya yi kudu. Ma'aikaciyar asibiti ba ta da Asabar kuma. Dada ta ce in bari, na ce mata gara in fita da in zauna ina sauraron jita-jitar maƙwabta. Gidan Baba kuwa ya cika da dangin matarsa da suka gudo. Tabarmi har cikin kicin, kayan wanki a kan kowace igiya. Duk da haka ranar Asabar sai ya sa a ɗage tabarmin baranda, ya fito da teburinsa.

A cikin waɗanda suka gudo akwai wata mata, 'yar ƙanwar matar Baba, shugabar wata makarantar firamare a garinsu. Za ta kai shekara hamsin. Anti nake ce mata. Ta yi kwana da kwanaki a kan duwatsu kafin ta samu mota zuwa Yola. Mijinta bai iso ba. Sun fito tare, da suka kai bayan gari ya ce zai koma ya ɗauko takardun makarantar 'ya'yansu ya kulle gida, ta ci gaba zai cim mata. Wayarsa ta yi kwana biyu tana shiga ba a ɗauka, daga nan ta daina shiga. Matar Baba ce ta faɗa mini wannan a kicin, murya ƙasa-ƙasa. Anti kanta ba ta magana. Takan zauna a bakin baranda, ƙafafunta cikin roba da ruwan ɗumi, tana kallon ƙofar gida.

Wata Asabar Baba ya jera lemo uku a faranti, ya ajiye wuƙa a gefe, ya kawo kular abinci mai ruwan ɗorawa ya sa a bayansu. Ni kaɗai ce ɗaliba ranar. Sai na ga Anti ta daina kallon ƙofa, tana kallon tebur. Baba ma ya gani. Ya ɗauko allo da takarda da burushi ya ajiye kusa da robar ƙafarta, ya koma kujerarsa.

Ta zana. Hannunta hannun malamar firamare ne, wadda ta saba zana wa yara abubuwa a allo, ba wani ƙawa. Amma teburin da ta zana ba na Baba ba ne. Nata yana da leda mai furanni a shimfiɗe. Lemo ɗaya an yanka shi biyu, alhali na gabanmu duk ba a taɓa su ba, kuma fatar sauran ta yamutse ta fara baƙi. Murfin kular a ɗan goce yake.

Na ce, “Anti, ai lemon nan sabo ne, yau aka sayo.”

Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Nawa ya yi sati uku.”

Wannan ce maganar farko da na ji daga bakinta. Daga baya ta ƙara mini bayani a gutsure. Safiyar da suka gudu ta zuba wa mijinta shinkafa da wake a kula, ta yanka lemo, ba su kai ga ci ba harbi ya tashi ta wajen tasha. Haka ta bar teburin.

Baba bai canja kayan ba a Asabar ta gaba, abin da bai taɓa yi ba. Ya sayo sabon lemo uku, ya jera su yadda suke. Anti ta sake zanawa. Wannan karon lemon nata ya lotsa ta gefe ɗaya, wani farin gashi-gashi ya fito masa. Asabar ta bayanta ya zama kore mai toka-toka, layin tururuwa ya hau ƙafar tebur ya ratsa ledar. Baba ya ci gaba da sayen sabon lemo, ita kuma ta ci gaba da ruɓar da nata, mako bayan mako, daidai da kwanakin da ta yi da barin gida. Wuƙar ta yi tsatsa. Bakin kular ya yi wani baƙin danshi da ke gangarowa. Ina zaune kusa da ita ina zana lemona masu ƙyalli, ina satar kallon nata, har na fara jin kamar wari na tashi daga takardar. Baba yana jera zanukan nata a bangon ɗakinsa, ba a baranda ba, don kada sauran baƙin gidan su gani.

Na taɓa tambayarsa ko ba zai hana ta ba. Na ce ina ganin abin yana ƙara mata ciwo.

Ya ce, “Ka ga yana kuka in yana zane?”

Na ce a'a.

“To sauran kwana shida yana kuka. Bar shi.”

A mako na bakwai ko na takwas, ban riƙe ba, ta ƙara wani abu a teburin. Tabarau ne mai kaurin baki, a naɗe, kusa da faranti. Na san ba ta zana shi a baya ba. Da Baba ya zo bayanta ya tsaya, tarinsa ya ɗauke. Ya daɗe a tsaye.

Ya ce, “Ranar da kun fita, yana sanye da shi?”

Ta ce, “Yana sanye da shi. Ba ya ganin hanya in babu shi.”

“To me ya kawo shi tebur?”

“Ban sani ba, Baba. Na rufe ido na gan shi a wurin.”

Matar Baba ta leƙo daga kicin, ta ga fuskokinmu, ta koma.

A cikin waɗannan makonnin aka fara jin tsoron kula a gari. An ce a cikin kula ko kwali ake ɓoye abin da ke fashewa. A shinge sai an sa ka buɗe da hannunka, soja yana tsaye nesa da kai. Masu kai wa marasa lafiya abinci asibiti suka koma ɗaurawa a kwano da ƙyalle. In aka ga kula a ajiye ba mai ita, wurin yakan watse.

Wata ranar aiki na taso daga ofis, kekenmu ya kusa kasuwa, sai na ji ƙarar fashewa a ƙirjina kafin in ji ta a kunne. Mai keken ya taka birki, muka faɗa kan juna. Can gaba hayaƙi ya miƙe. Da farko shiru ne, shirun da ban taɓa jin irinsa a Jimeta ba, sannan mutane suka ɓarko da gudu ta wajenmu. Ban ga wurin ba, kuma ban so in gani ba. Abin da na gani shi ne wata mai sayar da abinci a bakin titi da ta gudu ta bar kayanta. Manyan kuloli biyu a kan benci, a rufe, ba kowa kusa da su, mutane na kauce musu suna wucewa. Na ƙura musu ido na kasa ɗaukewa. Ina jira ne kawai. Mai keken ya juya da mu ta wani lungu, amma har muka shiga Yola ban daina jiran ba.

Dada ta rungume ni a tsakar gida tana ta salati. Ta rantse ba zan sake zuwa Gwadabawa ba. Na yi Asabar biyu a gida. A ta uku na ce mata zan je in gaishe su ne in dawo.

Na tarar da teburin yadda na bar shi, lemo uku, wuƙa, kula. Na zauna na ɗauki burushi, sai na ga ba na iya kallon lemon. Kular kawai nake gani. Na fara da ita, ta yi ta girma a hannuna har ta cinye takardar, murfinta ya taɓa sama, gindinta ya fita ta ƙasa. Ruwan ɗorawar ya fito mini kamar na ciwo. Lemon ya koma 'yan ƙanana can a lungu, kamar sun ja baya. Ban sa inuwa a ƙarƙashinta ba, ban san dalili ba. Layukana duk sun karkace. Da na gama na ji kunya, don ban taɓa yin zane marar tsabta irinsa ba.

Baba ya jingina shi a bango ya zauna. Ya kalla, ya kalla. Anti ma ta juyo. Wata 'yar'uwar matar Baba ta fito da tsintsiya, idonta ya faɗa kan zanen, ta ja da baya ta koma ɗaki ba ta share barandar ba.

Baba ya ce, “Naɗe shi ka tafi da shi gida. Ba zan iya ajiye shi a nan ba, mutane suna da yawa.” Da na miƙa hannu zan ɗauka ya ƙara da cewa, “Ba sai ka sa suna ba.”

A hanyar komawa aka tsayar da mu a shinge. Wani soja matashi ya nuna takardar da na naɗe, ya ce in buɗe. Na warware masa. Ya dube ta fiye da yadda ake duba kaya. Ya tambaye ni da guntuwar Hausarsa wa ya yi, na ce ni ce. Ya ce me ke cikin kular. Na ce shinkafa. Bai yi dariya ba. Ya miƙo mini ya ce in naɗe da kyau, kada in buɗe a cikin keke. A gida na tura shi ƙarƙashin katifa. Dada ba ta taɓa ganinsa ba har ta rasu.

Bayan wasu watanni sojoji suka ƙwato garuruwan. Mutane suka fara komawa duba gidajensu, maza tukuna. Anti ba ta jira kowa ba, ta bi motar farko da ta samu. Ta yi kwana huɗu ta dawo. Ranar Asabar na same ta a baranda, ta rame, amma tana magana fiye da da.

Ta ce an ɓalle ƙofar gidan, an kwashe katifu da buhunan hatsi da keken ɗinkinta. Makarantarta an ƙone ajujuwa biyu. Teburin kuwa yana nan da ledarsa.

Na ce, “Lemon fa?”

“Babu lemo. Babu faranti. Tabarau ma babu.” Ta gyara zama. “Kular tana nan. An cinye abincin, an wanke ta tas, an kife ta a kan murfinta.”

Matar Baba ta ce, “To ai shi ne. Shi ne ya koma ya ci.”

Anti ta ce, “Haka yake kife ta. Shekara ashirin da shida ina masa faɗa a kan haka.” Sannan ta ƙara da cewa, “Amma maƙwabcinmu ya ce mutanen daji sun zauna a gidan wata biyu. Su ma suna cin abinci. Su ma wata ce ta haife su ta koya musu wanke kwano.”

Ba a taɓa samun labarin mijinta ba, ko na rai ko na mutuwa. Ta bi duk inda aka ce ta bi, ta duba duk jerin sunayen da aka ce ta duba. Ba ta sake ɗaukar burushi ba. Da za ta koma garinsu gaba ɗaya, Baba ya tattaro zanukanta zai ba ta, ta ce ya riƙe. Baba ya mutu bayan shekara uku, ciwon ƙirjin nan da ke sa shi tari. Na je gaisuwa tare da Baffa, wanda ya zauna a barandar cikin mutanen coci har aka gama. Matar Baba ta ba ni zanukan Anti guda tara a cikin wani tsohon fayil. Suna wurina.

Yanzu na yi aure, muna zaune a unguwar Bako a Yola, na bar aikin ofis. Ina zane har yau, kuma abin da ba shi da rai kawai nake zanawa. Ana sa ayyukana a 'yan nune-nunen da ake yi jefi-jefi a Jimeta. Matasa masu zane sun yi yawa, wasu a waya suke yi, wasu suna zana ledar ruwa da cajar waya da kwalbar maganin sauro, kuma ina jin daɗin ganinsu. Wasu sukan ce mini kayan da nake zanawa kamar suna jiran wani abu ya faru. Ba da gangan nake yi ba. Na sha zama in ce yau zan yi tumatir mai daɗin kallo don a rataya a falo, in gama in ga ya fito yadda ya saba fitowa.

Da Anti ba mu rabu ba, muna waya lokaci-lokaci. Ta yi ritaya, tana riƙon jikoki uku. A watan jiya ta zo Yola ganin likitan ido, ta kwana biyu a wurina. Muna zaune a tsakar gida bayan azahar tana taya ni gyaran zogale, sai ta ce an fara jin motsi kuma a ƙauyukan bayan dutse. An ɗauke wasu manoma a gona. Masu kawo gawayi kasuwa sun daina zuwa. Ta faɗe shi ne kamar tana ba ni labarin ruwan sama.

Ta ce, “Ki nema mini ɗaki, ko a Ngurore ne. Wannan karon ba zan hau dutse da yara ba, ƙafata ba za ta iya ba.”

Maigidana yana da ɗan'uwa mai gona a Ngurore, kusa da Yola, ya ba mu ɗaki ɗaya da rumfa. Na je na share, na shimfiɗa tabarma, na kai randa. Na kira ta na ce ɗaki ya samu. Ta ce to, bari yara su gama jarrabawa tukuna. An gama jarrabawar tun makon da ya wuce. Jiya na kira sau uku, ana ce mini layin ba ya shiga. Maigidana ya ce sabis ne, yankin nasu haka yake in an yi ruwa. Makullin ɗakin yana cikin jakata, gobe da safe zan sake gwadawa.